Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Kaduna: A Keɓe Filayen Sito Da Na Manyan Motoci Tun Kafin A Yanka Su Fuloti

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, da shugabannin hukumar tsara birane (KASUPDA) da ta filaye (KADGIS) da ta zuba jari (KADIPA).

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda ke taya ka riƙon wannan amana, ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya kuma zaunar da jiharmu lafiya. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi da takin zamani, na fi shekara 20 a wannan sana'a a cikin garin Kaduna. Na rubuto ne da yawun abokan sana'ata masu hayar sito a Tudun Wada da Bakin Dogo da Kawo da Kakuri, da direbobin tirela da ke kawo mana kaya, da 'yan dakon da ke sauke shi, Musulminmu da Kiristanmu. Haka kuma ina jin nauyin maƙwabtanmu a wuyana, mutanen da ba su da ko mudu ɗaya a cikin cinikinmu amma kullum suna shan wahalarsa a ƙofar gidajensu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da idona ya gani kwanakin baya, ranar da na je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa tarbar baƙo. Na isa da wuri, sai na taka na ɗan zaga yankin. Gonakin da na sani ana noma masara da rogo a cikinsu yanzu an kafe su da turakun siminti, ga tulin bulo da yashi, ga harsashin gini yana ɗagowa nan da can. Kafin in koma mota wani dillali ya tare ni yana yi mini tallar fuloti, ƙafa hamsin da ɗari, yana cewa in hanzarta domin wurin kusa da tasha ne. Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga laifin mai neman inda zai sa iyalinsa ba. Amma na koma gida da tambayar da ta hana ni sukuni: idan aka yanka duk ƙasar da ke bakin layin dogo da bakin manyan hanyoyi aka mai da ita gidajen kwana, a ina za a sauke kayan da aka shimfiɗa dogon da hanyoyin dominsu? Na tambayi waɗanda suka girme ni a sana'a ko akwai wanda ya taɓa ganin taswirar filin da aka keɓe wa sito da manyan motoci a wannan yanki, ban sami ko mutum ɗaya ba. Idan akwai ta, to ba ta iso hannun masu buƙatarta ba.

Ranka ya daɗe, Kaduna gari ne da hanya ta haifa. Dogon da ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, daga baya kuma layin Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na Legas a kudancin kogi. Magabatanmu sun gane amfanin wannan mahaɗa, shi ya sa suka ware Kakuri domin masana'antu. A can aka kafa masaƙar KTL a 1957, sauran masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Auduga na sauka daga tarago zuwa sito, yadi na fita ta hanyar da audugar ta shigo. A 1967 aka fitar da babban tsarin gari na Max Lock, masanin tsara birane ɗan Birtaniya, wanda ya hango Kaduna har zuwa 2017, aka kuma sabunta shi a 2010. Abin nufi, tanadar wa sana'a fili a bakin hanya ba baƙon abu ba ne a garin nan, gado ne da muka tarar muka yi sakaci da shi.

A 'yan shekarun nan kuma an zuba dukiya mai yawa a kan hanyoyin da suka haɗu a Kaduna. A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon dogo mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa. A watan Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Kakuri, inda doka ta yarda a yi wa kwantena aikin kwastan ba sai an je Legas ba. A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi. Ga aikin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ga titin Nnamdi Azikiwe da muka fi sani da baifas, ga baifas ta gabas da aka ba da kwangilarta tun farkon shekarun 2000, ga filin jirgin sama da ya ɗauki nauyin jiragen Abuja har mako shida a 2017. Duk wannan kuɗin jama'a ne. Amma hanya ba ta riƙe kaya, wucewa kawai yake yi a kanta. Garin da ke cin moriyar hanya shi ne wanda ya tanadi inda kaya zai sauka, a auna shi, a adana, a sake ɗaurewa, a raba. Wannan tanadi ne muke ganin an bari a baya, kuma ga yadda rashinsa yake cin mu.

Kukanmu na farko shi ne cewa yawancin abin da muke kira sito a Kaduna gidajen kwana ne da aka fasa bangayensu. Nawa ma haka yake: gida ne mai ɗaki huɗu a cikin wani lungu, aka haɗe ɗakunan aka sa ƙofar ƙarfe. A daminar bara tirelar taki mai buhu 600 ta iso mini daga Fatakwal. Direban ya sauko ya leƙa lungun, ya dubi wayoyin lantarki da ke rataye ƙasa-ƙasa da kwalbatin da ke bakin shiga, ya ce ko nawa zan ƙara masa ba zai saka motarsa a nan ba, kuma gaskiyarsa ce. Ya tsaya a gefen baifas, na ɗauko hayar ƙaramar mota kanta mai ɗaukar buhu 100, ke nan sawu shida. Kowane buhu sai da ya hau kan ɗan dako sau biyu maimakon sau ɗaya. Muna sawu na huɗu hadari ya haɗo ta gabas, muka yi ta kokawa da tamfol a cikin iska, kuma duk wanda ya san yuriya ya san ba ta shiri da ruwa: da ta ji danshi sai ta narke ko ta dunƙule kamar dutse. Kuɗin dako biyu, kuɗin kanta, kuɗin kwanan direba, asarar buhunan da suka jiƙe, duk a kan buhu suke sauka, kuma manomin Giwa ko Soba da ya zo saye shi ne ke biya. Idan kaka ta yi, masararsa ta shigo gari ta bi wannan wahala a karo na biyu, sai mai saye a mudu ya biya.

Gidan kwana kuma ba a gina shi don ajiya ba. Daɓensa ƙasa-ƙasa ne, rufinsa gajere, iska ba ta ratsa shi, don haka danshi da fumfuna da ɓera ba sa rabuwa da mu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa hatsi, wadda ke fitar da iska mai guba da ke iya kashe mutum, alhali bango ɗaya ne tsakanin sito da ɗakin da yaran maƙwabci ke barci. A lungu ɗaya za ka tarar da siton abinci, da na maganin feshi, da na katifa, da shagon gas, ba tare da ratar da motar kashe gobara za ta bi ba. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar gas da ta ci rayuka a Sabon Tasha a watan Janairun 2020 ba.

Kuka na biyu na maƙwabtanmu ne, kuma ina faɗinsa da kunya. Wata rana aka yi rasuwa a lungunmu ana tsakiyar sauke masara, mota ta toshe hanya, sai da aka karkata makara aka raɓa ta tsakanin mota da bango. Bayan an dawo daga maƙabarta wani dattijo da nake kira Baba ya same ni a ƙofar sito, bai ɗaga murya ba, ya ce ba wanda ya hana ni neman halalina, amma in dubi Allah in dube su. Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin ba ni da inda zan koma. Titin unguwa an yi shi ne don ƙananan motoci. Idan mota mai tan 30 ta bi ta kansa sau biyu a mako, kwalta ta fashe, kwalbati ya rufta, magudanar ruwa ta toshe, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje. Gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa wajen sabunta titunan cikin gari, kuma mu muke lalata su ba da son ranmu ba.

Kuka na uku shi ne halin da direbobi ke ciki. Duk mai bin hanyar Zariya ya san Mararraban Jos, mai bin hanyar Abuja ya san Tafa, kuma ko a cikin gari ana ganin jerin manyan motoci a Mando da gefen baifas da hanyar Kachia ta wajen matatar mai. Direban da ya kwana biyu ko uku a hanya daga Legas yana isowa ne ba ya da wurin wanka ko ban-ɗaki, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaron mota ya kwana yana gadin batir da tankin gas. Motar da aka ajiye a kafaɗar hanya cikin duhu ba fitila ta sha zama ajalin masu ƙananan motoci. Mun san an yi ƙoƙarin samar da garejin tirela a Mararraban Jos da Tafa, kuma mun yaba da hakan. Sai dai gareji wurin kwanan mota ne kawai. Muddin sito yana cikin Tudun Wada, motar da ta kwana a Mararraba da safe cikin gari za ta shigo. Sai an haɗa wurin tsayawa da wurin saukewa a fili guda sannan za a raba tirela da unguwa. Kora da tara ba sa yin wannan aiki, matsar da motar kawai suke yi daga wannan kwana zuwa waccan.

Kuka na huɗu shi ne wanda ya fi gaggawa, domin shi kaɗai ne ba ya gyaruwa idan lokacinsa ya wuce. Fulotin da dillali ya yi mini talla ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. Tirela ɗaya da kanta da bodinta ta fi faɗin wannan fuloti tsawo, balle a yi zancen filin da za ta juya ta ja da baya ta daidaita da ƙofar sito. Harkar ajiya tana son fili shimfiɗaɗɗe, babba, a dunƙule, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, mai ƙofa kai tsaye zuwa babbar hanya ko dogo. Irin wannan fili ba shi da yawa a kewayen Kaduna, ga kogi da fadamunsa, ga filayen sojoji, ga unguwannin da suka riga suka cika. Hekta ɗaya tana ba da fuloti kusan 21 idan ba a cire hanya ba. Ke nan filin hekta 50, wanda a yau gwamnati za ta iya zama da 'yan magidanta masu gonaki ta daidaita da su a kansa, gobe zai zama fuloti wajen dubu, kowanne da mai shi, da takardarsa, da gininsa, da iyalinsa a ciki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta wajabta biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Diyyar gona da diyyar gida dubu ba ɗaya ba ne, kuma mutanen garin nan sun ɗanɗani zafin rusau, ba wanda ke fatan a maimaita. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Unguwa tana iya zama a kilomita biyar daga dogo ba ta rasa komai ba, amma sito da filin kwantena idan suka yi nisa da dogo sun rasa dalilin kafa su.

A nan ne batun Kakuri ya shigo. Masaƙun da suka ciyar da dubban iyalai yawancinsu sun rufe, KTL tun 2002, amma filayensu suna nan, manya-manya, a bakin tsohon dogo, kusa da tashar tsandauri. Babu wani wuri a jihar nan da ya kai su dacewa da ajiya da rarraba kaya. Tsoronmu shi ne a riƙa gutsurar su kaɗan-kaɗan ana mai da su rukunin gidaje ko ɗakunan biki, har a wayi gari tashar tsandauri ta zama tsibiri a tsakiyar unguwa, ba ta da inda za ta faɗaɗa. Akwai kuma wani abu da masu tsarawa suka fi ni sani: tsohon dogo faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Tashar Kakuri tana kan tsohon layi, Rigasa tana kan sabo. Ranar da aka haɗe sabon dogo daga Ibadan zuwa Abuja, aka kuma kammala na Kano da Maraɗi, kwantena za ta zo ne a kan sabon layi. Idan ba a tanadi zirin ƙasar da reshen dogo zai bi ya isa Kakuri ba, ko filin sauke kaya a bakin sabon layin, to jirgin kaya zai ratsa Kaduna ya wuce muna kallo.

Kuma akwai masu jiran sa a gaba. Kano ta buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, Funtuwa ta buɗe tata a 2024. Mu ne kan gaba a noman citta a ƙasar nan, daga Kachia da Jaba da Kagarko, muna kuma cikin manyan masu noman masara, daga Saminaka da Giwa da Birnin Gwari. Amma da yawa daga amfanin gonarmu a kasuwar Dawanau ta Kano ake tara shi, a can ake tsincewa da sheƙewa da sake zuba shi a buhu kafin ya fita ƙasashen waje, domin a can ne manyan sito suke jere. Aikin da ke bin kayan shi ma can yake tafiya. Sito ɗaya mai aiki yana ciyar da 'yan dako da masu gadi da akawu da mai sikeli da masu ɗinkin buhu da matan da ke tsintar citta da waken soya, a bakin ƙofarsa kuma ga makanike da mai faci da mai walda da mai abinci. Wannan aiki ne da matashin Rigasa ko Nasarawa ko Rigachikun zai iya shiga ko bai yi dogon karatu ba, wanda ya yi karatu kuma ga aikin lissafi da kwamfuta da tuƙa injin ɗaga kaya. Mun ga an aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona a Daki Takwas cikin ƙaramar hukumar Chikun a watan Afrilun 2025, tare da Bankin Raya Afirka, kuma muna murna da shi. Amma masana'anta ba ta rayuwa sai da inda za a tara mata kaya da inda za a rarraba abin da ta sarrafa.

Ba zan ɓoye namu laifin ba. A cikinmu akwai masu yi wa mota lodin da ya wuce ƙima, da masu tsayawa inda suka ga dama, da masu karɓar hayar gida su mai da shi sito ba tare da neman izini ba. A shirye muke a ɗaure mu da doka a kan waɗannan duka. Abin da ya faru a Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa ta Legas, ya ishe mu darasi, inda aka bar tankokin mai da manyan motoci suka cika unguwa ba tare da filin jira ba, har tireloli suka riƙa kwana da kwanaki a kan gada, sai a 2021 aka koma kiran mota ta intanet bayan an yi shekaru ana asara.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙonmu.

Na farko, kuma shi ne uwa uba, a keɓe filaye yanzu, a rubuce, a cikin gazet, wato jaridar dokokin gwamnati, a kuma saka su a taswirar KADGIS da sunan filayen ajiya da sufuri: a bakin sabon dogo ta wajen Rigasa da kan layin Kano, a Kakuri da Kudenda, a mahaɗun baifas ta gabas, a Mararraban Jos, a hanyar filin jirgin sama ta Mando, da hanyar Abuja. Ba muna cewa a gina su duka a bana ba, mun san aljihun gwamnati yana da iyaka. A dai dakatar da ba da takardar mallaka da izinin ginin gidan kwana a cikinsu, manomi ya ci gaba da nomansa har ranar da za a buƙaci wurin. A buga taswirar da Hausa da Turanci, a manna ta a sakatariyar Igabi da Chikun da Kaduna ta Kudu, a ba hakimai da masu unguwanni, a karanta a rediyo, domin kada talaka ya zuba kuɗin gumin shekara goma a filin da za a zo a karɓe.

Na biyu, KASUPDA ta tsaya kai da fata kan hana sauya manufar filayen masana'antu na Kakuri. Masaƙar KTL mallakin jihohin Arewa 19 ce, kuma a Kaduna gwamnoninsu ke taro, don haka muna roƙon ka kai musu maganar: idan farfaɗo da masaƙar zai ɗauki lokaci, a ba da hayar wani sashe na filin don ajiya maimakon a bar shi ciyawa da ɓarayin ƙarfe. A kuma zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa da Majalisar Masu Safarar Kaya ta Ruwa a fitar da layin da reshen sabon dogo zai bi, a kare shi daga gini tun yau.

Na uku, a ƙidaya kafin a zana. Sito nawa ne a cikin unguwanni, me ake ajiyewa a ciki, tirela nawa ke shigowa ta kowace ƙofar gari, a wane wata lodi ya fi yawa? Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, ga sashen tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Hukumar Ƙididdiga ta jiha. A sa su aikin, a kuma zauna da ƙungiyar masu motocin sufuri (NARTO) da ta direbobi (NURTW) da cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna (KADCCIMA) da shugabannin kasuwanni, domin direba ya san kwanar da motarsa ba ta juyawa fiye da mai kallon takarda.

Na huɗu, idan an tashi buɗe wuri, abubuwan aiki su riga 'yan kasuwa isa: titin kankare mai ɗaukar nauyi, magudanar ruwa, wuta, rijiyar burtsatse, sikelin auna mota, ofishin kashe gobara da na 'yan sanda, ban-ɗaki da wurin wanka, masallaci da coci. A raba sashen abinci da na mai da gas da maganin feshi. Filin da aka ba shi suna kawai aka bar shi daji ba wanda zai kai dukiyarsa can, musamman a jihar da ta ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022.

Na biyar ya shafi adalci, kuma a kansa zukatanmu suka fi rawa. Babban kamfani yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a KADIPA a ba shi hekta ɗari. Mai buhu dubu ko dubu biyu ba shi da wannan ƙofa, alhali irinsa ne suka fi yawa, kuma su ne ke cikin lunguna. A ware mana kaso bayyananne, da ƙananan sito na haya mai dogon zango da kuɗin da za mu iya biya, ko a ba ƙungiyoyin kasuwa fili su gina da kansu bisa zanen hukuma. Wanda aka ba fili bai gina ba cikin wa'adin da aka yanka, a karɓe a ba wani, domin kada wurin ya faɗa hannun masu saye su kulle suna jiran ya yi tsada. Haraji kuma ya zama guda ɗaya, a ƙofa ɗaya, da rasit. Masu gonakin da za a karɓa, Gbagyi ne ko Hausawa ko Fulani, a biya su diyya mai mutunci kafin a kafa turke, a kuma sa 'ya'yansu a sahun farko wajen ɗaukar aiki.

Na ƙarshe, kada a tashe mu daga inda muke sai sabon wurin ya kammala. A ba mu wa'adi sananne, shekara biyu ko uku daga ranar buɗewa, bayan nan duk tirelar da aka kama tana sauke kaya a cikin unguwa a hukunta mai ita da mai kayan, ni ne farkon wanda zai sa hannu a kan haka.

Muna roƙon a turo jami'an KASUPDA da KADGIS su zo su gani da idonsu a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da sabuwar masara ke shigowa. Su same mu a gefen baifas bayan sallar asuba, mu bi mota ɗaya tare daga inda ta tsaya har buhun ƙarshe ya shiga sito, daga nan mu wuce Rigasa mu nuna musu gonakin da suka rage.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya ba shi ikon sauke nauyin da ke kansa.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar hatsi da taki,
a madadin masu sito da direbobi da 'yan dako,
Kaduna.